Tarihin Joseph-Marie Jacquard, mai injin da ake saƙa shadda da shi

Furannin da ke jikin shaddar da ƴan kasuwa ke saye da sayarwa daga Maradi zuwa Jibiya, daga Birnin Konni zuwa Illela, saƙa su aka yi a cikin yadin, da inji mai ɗauke da sunan wani Bafaranshe, Joseph-Marie Jacquard.

An haife shi ran 7 ga Yuli 1752 a birnin Liyon, cibiyar saƙar siliki ta Faransa, mahaifinsa kuma masaƙi ne. A lokacin, in za a saƙa yadi mai ado, sai an samu yaro ya wuni yana jan igiyoyi don ɗaga zaren da masaƙi ke buƙata. Aiki ne mai gajiyarwa, kuma ba ya sauri.

A 1804 Jacquard ya haɗa dabarun waɗanda suka riga shi, Bouchon da Falcon da Vaucanson, ya fito da injin da ke bin umarnin kwalaye masu huji-huji. Inda akwai huji, allura ta wuce, ƙugiya ta ɗaga zare. Inda babu, zare ya tsaya wurinsa. Mai son sabon ado sai ya canza kwalayen kawai. A 1805 sarki Napoliyon ya zo Liyon ya ga injin. Aka mallaka wa birnin wannan fasaha, shi kuma aka yanka masa fansho na faran 3,000 a shekara, da ladar faran 50 kan kowane inji da aka kafa.

Amma masu saƙa ba su yi maraba da shi ba. Suna tsoron abincinsu, tunda mutum ɗaya zai yi aikin biyu, yaro mai jan igiya kuma ya rasa abin yi. Ga shi injinan farko suna yawan sarƙewa, wanda ake biya bisa tsawon abin da ya saƙa kuwa, kowace tsayawa asara ce gare shi. Sai wajen 1815, da wani makaniki mai suna Jean-Antoine Breton ya gyara yadda kwalayen ke tafiya, sannan injin ya fara yaɗuwa sosai. Da ma'aikata suka ga aiki na tafiya ba tsaiko, sai suka karɓe shi. Ko da haka rigimar lada ba ta ƙare ba, domin a 1831 masu saƙar Liyon sun yi bore kan ƙarancin kuɗin da attajirai ke biyansu.

Gwamnati ta ba Jacquard lambar girma a 1819. Ya rasu ran 7 ga Agusta 1834 a Oullins, kusa da Liyon. Dabararsa ta huji ko babu huji ta wuce saƙa: da irin waɗannan kwalaye Herman Hollerith ya lissafa ƙidayar jama'ar Amurka ta 1890, da su kuma aka riƙa bai wa kwamfutocin farko umarni. Yau kwamfuta ce ke sarrafa injinan da ke saƙa shaddar Getzner a Ostiriya, amma har yanzu da sunan Jacquard ake kiran su.