Richard Hart, yayan Al Capone da ya yi farautar masu giya

Duk wanda ya taɓa jin labarin ’yan daban Amurka ya san sunan Al Capone, uban masu fasa-ƙwaurin giya na birnin Chicago. Amma kaɗan ne suka san cewa babban yayansa, uwa ɗaya uba ɗaya, jami’in gwamnati ne da ke kama masu wannan sana’ar.

Sunansa na yanka Vincenzo Capone. An haife shi a Italiya a 1892, iyayensa suka yi ƙaura da shi zuwa unguwar Brooklyn a New York yana ƙarami. Mahaifinsa Gabriele wanzami ne. A can aka haifi Al a 1899. Vincenzo na da shekara 16 ya bar gida, ya nufi yammacin ƙasar, shi ke nan dangi suka daina jin ɗuriyarsa.

A 1919 ya sauka a Homer, wani ɗan ƙaramin gari a jihar Nebraska. Kafin nan ya riga ya canza suna zuwa Richard Hart, wai don sha’awar ɗan wasan fim ɗin kaboyi William S. Hart. Ya gyara harshensa don kada a ji Italiyanci a bakinsa. Ya auri Kathleen Winch, suka haifi ’ya’ya maza huɗu, ita kanta ta daɗe ba ta san asalin mijinta ba. To, ka ji fa.

A watan Janairun 1920 dokar hana yin giya da sayar da ita ta fara aiki a duk faɗin Amurka. Hart ya shiga aikin tabbatar da dokar. Yana kai samame inda ake dafa giya a ɓoye, yana fasa tukwane, yana kama mutane. Bindigogi biyu yake ratayawa a ƙugu kamar a fim, har jaridu suka yi masa laƙabi da su. Daga baya ya koma hukumar kula da harkokin ’yan asalin ƙasar, yana hana shigar da giya yankunansu. A 1927 ma yana cikin masu gadin Shugaba Calvin Coolidge lokacin da ya je hutu Dakota ta Kudu. A daidai waɗannan shekarun ƙaninsa yana tara miliyoyi da abin da shi yake fasawa.

Ni dai ba na ɗaukarsa waliyyi. Mutum ne mai saurin hannu, an sha zarginsa da wuce gona da iri, kuma yana son ƙara wa labarin kansa gishiri.

An ɗaure Al a 1931 kan ƙin biyan haraji, aka soke dokar giya a Disambar 1933. Daga nan tauraron Hart ya dushe. Ya koma Homer, talauci ya kama shi, idanunsa suka yi rauni. Da abin ya yi tsanani, ƙaninsa Ralph ya nema, kuma daga hannunsa ya riƙa karɓar taimako, wato kuɗin gidan da ya gudu ya bari.

Asiri ya tonu a 1951, da aka kira shi Chicago ba da shaida a binciken harajin Ralph. Nan maƙwabtansa suka gani a jarida. Ya mutu a Homer ranar 1 ga Oktoban 1952 yana da shekara 60, kuma sunan Hart ne a kan kabarinsa.