DOSTOYEFSKI: UBAN DA YA ƊORA WA KANSA ALHAKIN MUTUWAR ƊANSA

A cikin watan Mayu na 1878 farfaɗiya ta kama wani yaro mai suna Alyosha a gidan iyayensa da ke birnin Pitasbag na ƙasar Rasha. Aka kira likita, amma a ranar nan rai ya yi halinsa. Yaron bai ko cika shekara uku ba. Ubansa kuwa shi ne Fiyodo Dostoyefski, ɗaya daga cikin manyan marubutan ƙasar.

Mutuwar ɗa ba baƙuwa ba ce a gidan, domin a 1868 'yarsu ta fari, Sonya, ta rasu a Janeba tana da wata uku. Amma wannan ta zo da wata ƙuna dabam. Shi uban ya daɗe yana fama da farfaɗiya, saboda haka ya sa a ransa cewa daga jininsa yaron ya gaji cutar. Matarsa Anna ta rubuta daga baya cewa wannan tunani ne ya fi ci masa rai.

Mutumin dai ya sha wuya tun yana saurayi. An haife shi a Mosko a 1821. A 1849 hukuma ta kama shi saboda shiga wata ƙungiyar masu neman sauyi, aka yanke masa hukuncin kisa. Har an jera su za a harbe, sai ga saƙon Sarki Nikolas na Ɗaya cewa an sassauta. Aka kai shi kurkukun Omsk a Saiberiya, ya yi shekara huɗu yana aikin wahala da mari a ƙafa. A kan hanya, a garin Tobolsk, waɗansu mata suka ba shi Sabon Alkawari, wanda shi kaɗai ne littafin da aka yarda fursuna ya riƙe. A can ne imaninsa ga Almasihu ya kafu, ko da yake shakka ba ta taɓa barinsa ya huta ba.

To, da Anna ta ga baƙin ciki na neman kayar da mijinta, sai ta roƙi wani matashin masani abokinsu, Soloviyof, ya raka shi Optina, wani gidan masu ibada da ke kusa da garin Kozelsk. A watan Yuni suka kama hanya. Akwai wani dattijo a wurin, Amburos, wanda talakawa da manya ke zuwa wurinsa neman shawara. Sau uku Dostoyefski ya gan shi, sau ɗaya cikin taro, sau biyu su kaɗai. Ya gaya masa rasuwar yaron da halin da uwar ke ciki. Anna ta ce ya komo gida hankalinsa ya kwanta ƙwarai, ya kuma koma bakin aiki.

Aikin kuwa shi ne littafinsa na ƙarshe, labarin 'yan'uwan gidan Karamazof, wanda ya fito kashi kashi a 1879 da 1880. Ƙaramin ɗan gidan, mai tsoron Allah, sunan marigayin ya sa masa. A ciki kuma akwai wata baƙauya da ta zo wurin wani dattijon mai ibada tana kukan ɗanta da ya mutu yana gab da shekara uku. Dattijon bai hana ta kuka ba, ya dai tuna mata cewa yaron yana tare da mala'iku. A faɗar Anna, irin maganar da Amburos ya aiko mata da ita ke nan ta bakin mijinta.

Bai daɗe ba bayan kammala littafin. A farkon 1881 jini ya ɓalle masa a huhu. Ranar da zai cika ya sa Anna ta karanta masa daga tsohon Sabon Alkawarin nan na Tobolsk, wanda ya ajiye fiye da shekara talatin, ya kuma bar wa ɗansa Fiyodo shi. Dubban mutane suka raka gawarsa makabarta a Pitasbag.