Marigayi Malam Aminu Kano Da Wasan Kasuwar Kano

Duk lokacin da aka ambaci sunan marigayi Malam Aminu Kano, abin da yakan fara faɗo wa mutane a rai shi ne siyasa, watau jam'iyyar NEPU da ta PRP da fafutukar ƙwato wa talakawa haƙƙinsu. Amma tun kafin ya tsaya gaban jama'a yana lacca, ya riga ya tsaya a wani dandali dabam, shi ne na wasan kwaikwayo. Masu kallon telebijin da suka saba da wasannin ban dariya waɗanda akan gina a wurin aiki, kamar ɗakin shari'a ko barikin soja ko ofis, yana da kyau su san cewa shekaru da dama kafin a kawo akwatin telebijin ƙasar nan, wani ɗan makaranta daga cikin birnin Kano ya riga ya ɗauki babban wurin neman abincin garinsu, watau kasuwa, ya mai da ita wurin wasa.

An haifi Malam Aminu ran 9 ga watan Agusta, 1920, a unguwar Sudawa cikin birnin Kano. Mahaifinsa Malam Yusufu malami ne, kuma mufuti ne a kotun Alƙalin Kano, daga zuriyar Fulani Gyanawa waɗanda aka sani da ilmin shari'a. Mahaifiyarsa Malama Rakiya ita ma 'yar gidan malamai ce. Saboda haka a gida ya fara karatun Alƙur'ani, ya kuma tashi yana ganin masu ƙara da waɗanda ake ƙara, yana jin yadda magana take ɗaure mutum, take kuma kwance shi.

Daga nan aka sa shi Elementare ta Shahuci, ya wuce Midil ta Kano, sa'an nan a 1937 ya sami shiga babbar Kwalejin nan da aka kafa a Katsina, wadda aka mayar da ita Kaduna a 1938, ita ce kuma daga baya aka kai Zariya ta zama Kwalejin Barewa. A nan ne ya sadu da wasan kwaikwayo irin na rubuce. A lokacin wannan fanni bai daɗe da shigowa cikin Hausar boko ba, domin a 1936 ne Dokta R. M. East na Ofishin Talifi da ke Zariya ya fitar da littafinsa mai ɗauke da wasanni shida na Hausa, don amfanin makarantu. Yawancinsu daga tatsuniyoyi da labarun gargajiya aka ciro su. Shi kuwa Malam Aminu sai ya waiwayi abin da idonsa ya gani a gida.

Wasansa da aka fi tunawa da shi ya rubuta shi ne tun yana ɗalibi, wajen ƙarshen shekarun 1930, ya kuma sa masa suna Kai Wane Ne A Kasuwar Kano Da Ba Za A Cuce Ka Ba. Jigon wasan shi ne yadda wasu 'yan kasuwa marasa imani suke cutar mutanen ƙauye idan sun shigo birni da hajarsu. Sunan kaɗai ya isa ya sa Bakano murmushi, domin an yi shi ne da irin bakin mutanen kasuwar, mai haɗe da ba'a da alfahari.

Wanda bai san Kano ba zai so a yi masa bayanin wannan kasuwa. Babbar kasuwar birni ita ce Kurmi, wadda aka kafa tun zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Tana nan tsakiyar birni kusa da Jakara, kuma ita ce matattarar fatake daga Agadas da Barno da Gwanja da ƙasashen Larabawa. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa da fatu ya buɗe, sai manoma da makiyaya suka riƙa kwararowa birni fiye da da. Baƙo ba ya sayar da kayansa kai tsaye. Yakan sauka wurin fatoma, shi ne mai masaukinsa, shi kuma ya haɗa shi da dillali, dillali ya nemo mai saye, in ciniki ya faɗa a ba shi la'ada. Wannan tsari bisa amana aka gina shi, da shi ne kuma Kano ta yi suna ɗaruruwan shekaru. Amma duk inda aka ce amana ce jari, to, maci amana ya sami wurin ɓuya. Baƙauye bai san farashin yau ba, bai san zaurancen 'yan kasuwa ba, bai san ko mudun da ake auna masa hatsi cikakke ne ba, ga shi kuma yana ɗokin komawa gida kafin a rufe ƙofa ko dare ya yi masa a hanya. Wannan rata da ke tsakanin wanda ya san wuri da wanda bai sani ba, ita ce Malam Aminu ya ɗora wasansa a kai.

A nan ne hikimar take. Wurin aiki yana ba mai shirya wasa kusan duk abin da yake bukata ba tare da wahala ba. Akwai mutanen da kullum suna nan, kowa da halinsa. Akwai babba da yaro, da wanda yake jin tsoron wani, da wanda yake cin abinci a ƙarƙashin wani. Akwai ƙa'idar da kowa yake faɗa da baki, da kuma wadda ake bi a ɓoye. Abin da ya rage kawai shi ne baƙo ya shigo da bukatarsa, sai labari ya tashi. Mai kallo yakan fara da yi wa baƙon dariya saboda ƙauyancinsa, amma kafin a tashi sai ya tarar dariyar ta koma kan mai wayon, wani lokaci ma ta koma kansa shi mai kallon.

Wasa na biyu da aka san shi da shi a wannan lokaci shi ne Ƙarya Fure Take Ba Ta 'Ya'ya, wanda ya taɓo maganar nauyin haraji a kan mutanen karkara. Wannan ya fi na farko haɗari. A zamanin En'e, haraji da jangali suna bi ne ta hannun mai unguwa da dagaci da hakimi kafin su isa baitulmali, a bayansu kuma ga Di'o da Razdan. Talaka bai isa ya ɗaga murya a kan abin da aka yanka masa ba. Amma Hausawa tun asali suna da wata kafa da suka bar wa mai wasa. A fada akwai wasan gauta, inda matan gidan sarki suke kwaikwayon sarki da fadawansa. A kasuwa akwai 'yan kama masu kwaikwayon malamai da karatun abinci. Cikin watan azumi kuma akwai tashe, inda yara suke kwaikwayon tsoho da gwauro da malalaci, kowa ya yi dariya, mai hali kuma ya ji a jikinsa. Malam Aminu ya shiga ta wannan tsohuwar kafa ce, ya ɗauko zancen da ba a iya yinsa a fili ya sa shi a bakin 'yan wasa.

Shirya irin wannan wasa a makaranta ba ya cin kuɗi. Kwalejin ta maza ce zalla, saboda haka ɗalibai ne suke fitowa a kowane matsayi. Rawani da babbar riga sun isa su nuna mai mulki, taguwa da sanda su nuna mutumin ƙauye, tabarma da mudu su zama rumfa. Ƙarfin wasan yana ga magana da kwaikwayon hali. Abin lura kuma shi ne su wane ne 'yan wasan da 'yan kallon. Ɗaliban wannan Kwaleji su ne waɗanda ake shiryawa don su zama malaman makaranta da akawuna da ma'aikatan En'e, da yawansu kuma 'ya'yan masu sarauta ne. Ke nan wasan yana nuna wa ma'aikatan gobe irin ofishin da za su gada. Ban da waɗannan biyu, ya rubuta wasu gajerun wasanni da dama don 'yan makaranta.

A 1942 ya gama Kwaleji, aka tura shi koyarwa Midil ta Bauci. A can ya yi aiki tare da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya kuma shaƙu da Malam Sa'adu Zungur, wanda ya zama masa aboki kuma jagora. Bai bar wasan kwaikwayo ba, ya ci gaba da shirya shi da ɗalibansa, amma a Bauci ne ya fara faɗar abin da ke ransa ba tare da rigar wasa ba, a ƙungiyar tattaunawa da 'yan boko suka kafa, wadda ta riƙa yi wa hukuma tambayoyi masu zafi. A 1946 aka tura shi ƙaro ilmin koyarwa a Jami'ar Landan ta Ingila. Da ya komo ya tsaya wajen kafa ƙungiyar malaman makaranta ta Arewa a 1948, daga baya aka ba shi shugabancin makarantar horon malamai ta Maru a Lardin Sakkwato. A 1950 ya ajiye aikin gwamnati, ya koma Kano, ya shiga jam'iyyar NEPU wadda aka kafa ran 8 ga watan Agusta na wannan shekara, a 1953 kuma ya zama shugabanta.

Waɗanda suka halarci laccocinsa sun shaide shi da iya ba da misali da sa jama'a dariya, da kawo labari gajere wanda manomi da ɗan dako za su tafi da shi gida. Ba abin mamaki ba ne, domin sana'ar da ya koya tun yana yaro ce. A zaɓen 1954 ya yi takarar Majalisar Wakilai bai ci ba, Malam Maitama Sule ne ya kayar da shi, amma a 1959 ya ci, ya tafi Ikko. A zamanin Janar Yakubu Gowon ya riƙe muƙamin Kwamishinan Sadarwa na Tarayya daga 1967, sa'an nan na Lafiya daga 1971 zuwa 1974. Bai kuma ajiye alƙalami ba. Ya rubuta Motsi Ya Fi Zama, labarin tafiye-tafiyensa, da tarihin rayuwar Malam Sa'adu Zungur, da Hikayoyin Kaifafa Zukata.

A 1978 ya jagoranci kafa jam'iyyar PRP, ya kuma tsaya takarar shugaban ƙasa a 1979. Bai ci ba, amma jam'iyyarsa ta sami gwamnoni biyu, Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi a Kano da Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa a Kaduna. Cikin ayyukan farko da waɗannan gwamnatoci suka yi har da soke haraji da jangali. Ashe abin da ɗan makaranta ya yi wasa a kansa, bayan shekara arba'in ya zama hukuncin gwamnati. Daga baya saɓani ya shiga jam'iyyar, ta rabu gida biyu, 'yan santsi da 'yan taɓo, abin da ya dagula masa shekarunsa na ƙarshe.

A cikin waɗannan shekaru ne wasan kwaikwayo na Hausa ya tashi daga dandalin makaranta ya shiga rediyo da telebijin. Malam Shu'aibu Maƙarfi ya yi suna da Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu, waɗanda aka fara ji a rediyo kafin a buga su. Gidan telebijin na Kaduna ya fara aiki a 1962, a Kano kuwa gwamnatin Rimi ta kafa gidan CTV, wanda yanzu ake kira ARTV don tunawa da shi. Daga Kaduna aka sami Samanja Mazan Fama na marigayi Usman Baba Pategi, tsohon soja, wanda ya mai da bariki wurin wasansa, da irin Hausar nan ta soja mai gauraye. A Kano kuma aka yi Kuliya Manta Sabo, wanda aka gina a ɗakin shari'a. Yawancin irin waɗannan wasanni ba a rubuta su kalma bayan kalma. Mai shiryawa yakan kawo gundarin labarin makon, ya raba wa kowa matsayinsa, a yi gwaji, sa'an nan 'yan wasa su cike maganar daga bakinsu a gaban kyamara. A Ingila kuwa, wasan nan Yes Minister da gidan BBC ya fara nunawa a 1980, wanda ya ƙunshi jayayya tsakanin minista da babban sakatarensa, rubutacce ne tsaf. Hanyar aiki ta bambanta, amma ginin ɗaya ne da na wasan kasuwar Kano: wuri guda, mutane sanannu, da ƙa'ida biyu, ta fili da ta ɓoye.

Allah ya yi wa Malam Aminu rasuwa ran 17 ga watan Afrilu, 1983, ana shirin zaɓen wannan shekara. An binne shi a gidansa da ke Gwammaja, wanda ake kira Gidan Mambayya, yanzu kuma cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ce ta Jami'ar Bayero. An sa wa filin jirgin sama na Kano da asibitin koyarwa sunansa. Bai bar dukiya ba, wannan kuwa abokin siyasa da abokin hamayya duk sun shaida.

Ga ma'aikaci da ɗalibin da zai zama ma'aikaci gobe, akwai abin dubawa cikin wasan nan na ƙuruciyarsa. Baƙauyen da ya shigo Kurmi da buhun gero har yanzu yana nan, sai dai yau takarda yake riƙe da ita. Shi ne tsohon da ya zo neman kuɗin fansho, da matar da ta kawo yaro asibiti, da manomin da yake bin sawun takardar filinsa. Bai san ofishin da zai shiga ba, bai san abin da doka ta ce ya biya da abin da ba ta ce ba, kuma yana son ya kama motar garinsu kafin la'asar. Wanda ke zaune bayan tebur ya san duk wannan, kamar yadda dillali ya san farashi. Abin da zai yi da sanin nan shi ne zai nuna ko wane matsayi ya fito a cikin wasan.

Allah ya jiƙan Malam Aminu, ya gafarta masa, amin.