Farfesa Abdou Moumouni Dioffo: masanin fizik da ya ɗauki harshe da muhimmanci

Jami'ar Yamai tana ɗauke da sunan Abdou Moumouni tun shekarar 1992, amma ɗalibai da yawa sun san sunan ne kawai a bisa takardun shaida. Ga masu nazarin harshe kuwa, akwai dalili na musamman na sanin mutumin, domin masanin fizik ne wanda ya ga cewa kimiyya ba ta kafuwa a ƙasa muddin ba a koyar da ita cikin harshen da jama'a ke tunani da shi.

An haife shi a Tasawa ran 26 ga watan Yuni na 1929, asalin gidansu kuwa Kirtashi ne, a bakin kogin Kwara. Ya yi karatun farko a Damagaram da Yamai, sannan ya wuce makarantar William Ponty a Senegal, inda Faransa ke horar da ƴan ƙalilan da ta zaɓo daga ƙasashen da take mulka. Daga Dakar ya tafi Paris. A 1956 ya ci jarrabawar agiregasiyo a fannin fizik, wadda ita ce mafi tsananin gasar zama malami a Faransa, ya zama na farko daga baƙar fatar Afirka da ya kai wannan matsayi a fannin. A shekarun nan yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar ɗaliban Afirka a Faransa, wato FEANF, da kuma jam'iyyar neman ƴancin kai ta PAI.

Bayan ya koyar a Dakar da Konakiri da Yamai, ya tafi Tarayyar Sobiyet daga 1961 zuwa 1964, ya duƙufa kan binciken makamashin rana. Tambayar da ta dame shi mai sauƙin faɗa ce: ta yaya za a tara hasken da ke zuba a Sahel ya zama zafi mai amfani? Madubi mai zurfi kamar ƙwarya yana tattara hasken da ya faɗa masa zuwa wuri guda, kuma a wurin nan zafi yana ƙaruwa ƙwarai. Yadda wannan ƙarfi ke rarrabuwa a matattarar madubin shi ne batun kundin digirinsa na dokta, wanda ya kare a 1967.

A 1964 ya kafa ɗakin binciken makamashin rana a Bamako. A 1969 ya dawo gida ya shugabanci ofishin makamashin rana na Nijar, ONERSOL, har zuwa 1985. A nan aka ƙera na'urorin ɗumama ruwa, waɗanda asalinsu baƙin faranti ne a ƙarƙashin gilashi da bututun ruwa a jikinsa, aka kuma gwada injin da ke aiki da zafin rana. Manufarsa ita ce a yi binciken a gida, a ƙera kayan a gida, kada ƙasar da ta fi kowa rana ta zauna jiran kayan waje. A 1979 aka naɗa shi shugaban jami'ar Yamai, kuma ya ci gaba da koyar da fizik a cikinta har ƙarshen rayuwarsa.

Abin da ya fi shafar sashenmu shi ne littafinsa L'éducation en Afrique, wanda ya fito a Paris a 1964. A ciki ya bi diddigin tarbiyyar gargajiya da makarantar mulkin mallaka, ya nuna yadda ta biyun ta raba yaro da al'ummarsa, sannan ya nemi a mayar da harsunan Afirka harsunan koyarwa. Hujjarsa ta fito daga aji da ɗakin gwaji. Yaron da ke kokawa da baƙon harshe da sabon ilimi a lokaci guda yakan haddace abin da bai fahimta ba, kuma hadda ba ta haifar da mai bincike. Shekaru biyu bayan fitowar littafin, taron UNESCO na Bamako ya tsara rubutun Hausa da Zarma da Fulfulde da Tamashek da Kanuri, a 1973 kuma aka buɗe makarantar gwaji ta farko da Hausa a Damagaram.

Ya rasu a Yamai ran 7 ga Afrilu na 1991, aka binne shi a Kirtashi.

Rabin burinsa ya fara bayyana: tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7 ta soma aiki a 2018, ta Gorou Banda mai megawat 30 kuma a 2023, ko da yake farantansu daga waje aka sayo su. Ɗaya rabin yana hannun masana harshe. Har yanzu kalma guda, ƙarfi, takan ɗauki ma'anoni uku da fizik ya rarrabe sarai, wato turawa, da makamashi, da saurin kashe makamashin. Malamin da zai koyar da darasin nan da Hausa yana bukatar kalmomi uku tabbatattu, waɗanda sashen fizik da sashen harshe suka zauna tare suka amince da su. Sassan biyu suna cikin jami'a ɗaya, kuma sunan Abdou Moumouni ne a ƙofarta.