Tarihin Farfesa Abdu Mumuni, masanin hasken rana

An haifi Abdu Mumuni Jofo a garin Tasawa ran 26 ga watan Yuni na shekara ta 1929. Ya yi makarantar horon malamai ta William Ponty a ƙasar Sanagal, daga can ya wuce Paris, inda ya ci babbar jarrabawar malaman kimiyya a shekara ta 1956, jarrabawar da ko cikin Faransawa kaɗan ne ke cinta. Ya koyar a Dakar da Konakiri da Yamai. Bayan haka ya tafi Tarayyar Sobiyet ya ƙware a kan sarrafa zafin rana, kuma a 1964 ya buɗe ɗakin binciken wannan fanni a Bamako.

A shekara ta 1969 ya komo gida, aka ba shi jagorancin ONERSOL, ma'aikatar hasken rana ta ƙasa. A lokacin nan hankalin kowa yana arewa. An kafa kamfanin SOMAIR a 1968, a 1971 aka fara fitar da uraniyom daga Arlit. Da man fetur ya yi tsada a 1973, Faransa ta duƙufa ga gina tashoshin nukiliya, ƙarfen namu ya yi daraja, har aka shimfiɗa kwalta daga Tawa zuwa Arlit. Shi kuwa Farfesa yana can tare da maƙera da ɗalibai suna ƙera tukunyar dafa ruwa, da murhu, da na'urar tace ruwa, da injin da rana ke juyawa.

Wanda ya ɗauki aikin nan ƙarami bai yi lissafi ba. Tashar nukiliya ba ta cin uraniyom mai yawa. Abin da ke cin dukiya shi ne gininta, kuma ana biyan kuɗin ne shekaru kafin a ga wuta. Ta Flamanville a Faransa, mai ƙarfin megawat 1600, an fara ta a 2007 da ƙiyasin yuro miliyar 3 da ɗoriya, ba ta ba da wuta ba sai a 2024, bayan ta ci kimanin miliyar 13. Ƙarfinta ya zarce abin da Nijar duka ke sha nesa ba kusa ba. Ko da an ba mu ita kyauta, wa zai biya wayar da za ta bi ƙauyukan Karofan da na Buza da Keita ɗaya bayan ɗaya? Hatta ma'adinan Arlit, tun 1981 da kwal ɗin Anu Araren ake ba su wuta. Rana kuwa ana iya tararta kaɗan-kaɗan, a bisa rijiya ko a bisa rufin ɗakin haihuwa, kowane gari gwargwadon ƙarfinsa.

Gaskiya ne kayan ONERSOL sun yi wa talaka tsada a zamaninsu, matan Adar ba su daina tafiya neman itace ba.

Ya shugabanci Jami'ar Yamai daga 1979 zuwa 1982, ya bar ONERSOL a 1985. Allah ya yi masa rasuwa a Yamai ran 7 ga Afrilu 1991, aka sa wa jami'ar sunansa a 1992. Tsakanin 2010 da 2020 kuɗin allunan rana ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100, kuma a 2018 aka buɗe tashar megawat 7 a Malbaza cikin jihar Tawa, da rancen ƙasar Indiya.