Muhammadu Durugu, Babban Gwanin Zazzau

A Amurka ana tunawa da gidan Charles Willson Peale, wanda ya rasu a 1827, saboda shi da 'ya'yansa sun gaji zanen fuskokin manyan mutane. A ƙasar Hausa kuwa, inda malamai ba su yarda da zanen surar mutum ba, gwanintar hannu ta koma kan gini da adon bango, kuma gidan da ya yi fice a wannan fage shi ne na Malam Muhammadu Durugu, wanda aka fi sani da Babban Gwani.

Marigayin ya yi zamani a farkon Daular Sakkwato. Babban aikinsa shi ne Masallacin Juma'a na birnin Zariya, wanda ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, da ya yi mulki daga 1834 zuwa 1846. Da tubali da azara ya tayar da ginshiƙai, ya ɗaura musu bakan gizo, ya rufa su da tulluwa, sa'an nan ya ƙawata su da zane mai zurfi. Ana kuma danganta masa wasu soraye na fadar Bauchi da gidan Madaki a Kafin Madaki.

Masu tarihin baka suna cewa a Birnin Gwari ya gamu da ajalinsa, bisa umurnin sarkin da ya yi wa gini, don kada wani ya sami irinsa. Amma sana'ar ba ta bi shi kabari ba. Zuriyarsa ta ci gaba da riƙe sarautar Sarkin Magina a Zazzau, kuma akwai unguwa a Zariya mai ɗauke da sunansa.

Ginin ƙasa ba ya daɗewa sai da mai yi masa yaɓe kowace shekara. A shekarun 1970 an lulluɓe masallacin da ginin siminti, an kuma gina kwatankwacinsa a gidan adana gine-ginen gargajiya na Jos. A watan Agusta na 2023 wani sashensa ya rufta a kan masallata, aka yi asarar rayuka.

Ya kamata ma'aikata da ɗalibai su lura cewa abin da Babban Gwani ya bari yana hannun magina ne; in suka ƙare babu magada, babu takardar da za ta riƙe soro. Allah ya jiƙansa da rahama.