Abdurrahman al-Sufi: Masanin da ya fara rubuta labarin Andromeda

An haifi Abdurrahman al-Sufi a shekarar 903 a birnin Rayy, kusa da Tehran ta yau, ya kuma rasu a 986.

Ya yi aiki a fadar sarki Adud al-Daula na gidan Buwaihi, wanda ya yi mulki daga Shiraz, kuma domin wannan sarki ne ya wallafa Kitab Suwar al-Kawakib wajejen 964.

Littafin ya ginu ne a kan aikin Batlimus, masanin birnin Iskandariyya, wanda ya kasa taurari gida 48. Sai dai al-Sufi bai tsaya ga kwafa ba, kamar yadda ya zargi wasu magabatansa da yi. Ya bi taurarin da idonsa, ya gyara ma'aunin haskensu, ya kuma haɗa da sunayen da Larabawa ke kiran su.

Kowane gida ya zana shi sau biyu: yadda yake a sama, da yadda yake a jikin ƙwallon da masana ke koyarwa da shi.

A cikin wannan bin diddigi ne ya ambaci wani ɗan gajimare a bakin siffar da Larabawa ke kira babban kifi. Wannan shi ne bayani mafi daɗewa da ya iso gare mu a kan Andromeda. A Turai sai a 1612 Simon Marius ya bayyana shi, da taimakon madubin hangen nesa.

Ya kuma rubuta wani gungu a kudancin sama, wanda ake jin shi ne IC 2391, mai shekaru kimanin miliyan 50. Yara ne ke nan a lissafin taurari, kamar dai Kaza da 'Ya'yanta.

Al-Sufi ba shi da hanyar sanin mene ne gajimaren. Sai a shekarun 1920 Edwin Hubble ya tabbatar cewa dandazon taurari ne mai zaman kansa, wanda haskensa kan shafe shekaru miliyan biyu da rabi kafin ya iso nan.

A 2015 masu nazarin hotunan na'urar Hubble sun lissafa gungun taurari fiye da 2,700 a wani sashe nasa kaɗai, da yawansu sababbin haihuwa.

Akwai wani rami a kan wata da ake kira Azophi, yadda Turawa suka juya sunansa.